Tsohuwar da Na Rungume a Kamaru

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ƙanƙame tsohuwar mutane a bakin hanya a Kamaru, ina kuka har da majina.

Shekarun baya, lokacin da muka gudu daga Mubi da ƙafa saboda rikici, na rabu da 'yan gidanmu a hanya. Wata tsohuwa ce ta tsince ni a wani ƙauye can bayan iyaka, ƙafafuna sun kumbura. Ita ta gasa min su da ruwan zafi, ta raba tabarmarta da ni. Dada kowa ke ce mata. Hausarta kaɗan ce, ni kuma Fulatancina na cin kasuwa ne, amma haka muka zauna har gari ya lafa. Da na dawo gida sai makaranta, sai aiki, sai aure. Duk sanda na ji ƙamshin kunun gyaɗa sai ta faɗo min a rai, in ce bana zan je. Bana ta yi ta komawa baɗi.

Bara dai na sayi atamfa da sukari na ɗaura niyya. Maigidana ya ce, "Ki bari in samu hutu in raka ki mana."

Na ce, "Ni da na shiga ƙasar nan da ƙafa?" (Ku ji cika baki.)

Bayan Sahuda, garin da ke bakin iyaka, na shiga wata 'yar bas da aka cusa mu kamar buhunan albasa, ga akuya a ƙarƙashin kujerata. Ƙananan garuruwa muke ta wucewa, alluna duk da Faransanci, waya ba sabis. Duk mayo, wato rafi, da muka tsallaka sai in ce nan ne ƙauyen Dada.

A wani gari muka tsaya ɗaukar kaya. Can na hango wata tsohuwa ta ba mu baya, da tiren gyaɗa a ka, tana ɗan ɗingishi irin na Dada. Ban san sanda na tsallake mutum biyu da akuya ba. Na ruga na rungume ta ta baya, tire ya kife, gyaɗa ta watse.

"Dada! Ni ce, 'yarki ta Mubi! Ki yafe min, na daɗe!"

Ta waiwayo. Wallahi ko a mafarki ban taɓa ganin fuskar nan ba.

Bas ta ɗauki dariya, har da mai akuya. Ni kuwa hannuna ya ƙi sakinta, kukan ma ya ƙi tsayawa (kunya ce ta ƙara masa mai). Tsohuwar ta yi wata magana a hankali, direba ya fassara yana share hawayen dariya: "Ta ce ki gama kukanki tukuna, ba sauri. Wai tun da 'yarta ta tafi Garwa ba wanda ya rungume ta haka."

Sai ta dafa kaina. Muka durƙusa tare muna tsintar gyaɗa a cikin ƙasa. Sauran tafiyar kuwa, duk tsohuwar da muka wuce sai wani ya leƙo ya ce, "Madam, ga Dada can, a tsaya?"

Da la'asar na isa ƙauyen. Gidan yana nan, amma wata matashiya ce ta fito, matar jikan Dada. Ta ce Dada ta rasu damina biyu da suka wuce. Ta ce kafin rasuwarta Dada takan tambayi masu zuwa kasuwar Mubi ko sun ga yarinyarta mai kumburin ƙafa. Na zauna a ƙofar ɗakin da atamfa a cinya, ban san wa zan miƙa wa ba.

Yanzu dai na koyi duba fuska kafin in rungume mutum. Na kuma koyi cewa tsofaffi ba sa jiran ka samu hutu.