Turken Kaka a Cikin Fadama

"Lafiya lau na wuni, sai gajiyar aiken tsohon mijina, wanda ko sannu bai iya ba."

"Sannu ta mai aiki ce. Ke yawo kika je."

Kaka ke nan, mahaifin babana, a kan kujerarsa ta roba a bakin ƙofa. Shekara biyu rabon idonsa da gani. Gobe ake jira ya dangwala yatsa a cike fadamarsa ta bayan unguwa da ƙasa, a yi shaguna. Baffa ya kawo masa rahoton mai awo, amma Kaka ya ce sai na je na gano masa ita, na rubuto.

Ya ce in fara da takardar masu ilimi kafin ta marasa aikin yi. Na karanta: tsawo mita ɗari biyu da goma, faɗi tamanin, zurfin ruwa rabin mita, laka, ciyawa, sauro. Layi shida, shi ke nan.

"Kin ji magana ba kwalliya. Saura naki, sarauniyar danna waya."

Na buɗe wayata. Na karanta masa cewa fadama ta kishingiɗa kamar tsohuwar da ta gama renon jikoki, balbelu sun jeru da fararen riguna, kwaɗi suna gardamar wa ya fi murya. Ya tambaye ni wane kwaɗon ne ya ci gardamar. Ya ce shekara arba'in yana shiga ruwan nan bai taɓa cin karo da tsohuwa ba, sai tsutsar da ke shan jini a ƙwauri. Na ce mutumin da jiya ya gaida randa yana zaton Gwaggo ce ba shi zai koya min kallo ba. Ya ce randar ta fi ni ladabi, don ba ta mayar da magana.

Na ci gaba: ruwa ya rungume wani baƙin turke har wuya, saura ɗan kansa, tsuntsu na tsaye a kai.

Sai ya gyara zama. Ya ce in maimaita, na maimaita.

"Ni na kafa turken nan. Tsayina ne cif. Duba min, yaushe mutumin ya yi awon?"

Na duba ƙasan takardar. Tsakiyar rani ne, lokacin da har rijiyarmu ta ƙafe.

"Bai yi ƙarya ba," in ji Kaka a hankali. "Abin da ya tarar ranar ya rubuta. Ke kuma kin ga gaskiya, kin lafta mata hoda har ke kanki ba ki gane ta ba. In aka cike wurin nan, ruwa mai tsayina ina zai kwana? Ɗakin uwarki ne farko."

Na ajiye wayar a cinyata.

Ya laluba bayan kujera ya jawo tsohuwar gorarsa ta awo, mai tsage-tsage taku-taku, wadda ko Baffa bai isa ya taɓa ba. Ya miƙo min. Ya ce yatsansa ba zai taɓa tawada gobe ba, in koma in auno, in sa lamba a rubutun don masu shaguna su gane.

"To in goge tsohuwar?"

Ya yi dariya har da tari.

"Bar ta, mara kunya. Duk cikin takardun nan biyu, ita kaɗai na gani."