Ranar da Kwalba ta Nuna Gidana

Ko zan manta komai na aikin lafiya, ba zan taɓa mantawa da ranar da masu sa ido suka zo garinmu Tarai daga Kano ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin, na rasa wanda zan ɗora wa laifi.

Ni aka ba aikin bin gidaje bayan rabon gidan sauro, in tabbatar an rataya. Na kuwa ɗauki abin da zafi. Babu majalisar da ban tsaya na zazzaga masifa ba: an ba ku abin kare 'ya'yanku daga zazzaɓin cizon sauro, kun mai da shi shingen lambu da akurkin kaji. A rahoton da na aika ƙaramar hukumarmu ta Kibiya kuwa na rubuta cewa kowane gida ya rataya (ko rabinsu ban bi ba, Allah na tuba). Wannan rahoton aka zo tantancewa, kuma a kansa aikina ya dogara.

Shugabar tawagar wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta da wasa. Na riga na shirya gidaje biyar da zan kai ta, ta ce ba haka ake yi ba. Ta ajiye kwalba a tsakiyar gari ta murza, inda bakinta ya nuna nan za a bi, a shiga gida na bakwai. Duk faɗin Tarai, banzar kwalbar nan ba ta ga lungun kowa ba sai nawa. Muka ƙirga, na bakwai ƙofata ce.

Na tsaya a zaure riƙe da littafin tawagar, tare da mai unguwa kamar baƙo, tunda mata ne kawai ke shiga ciki. Ina jiyo su. Hajiya ta tambayi gidan sauro, matata ta ce ai maigida ya kwance shi ya rufe irin tumatir a fadama. Ta ƙara da cewa 'yar autarmu ma jiya ta tashi daga zazzaɓi (don Allah wa ya tambaye ta?).

Sai aka zo kan sunan maigida. To, matata tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunana ba. Hajiya ta matsa, matata ta ƙi. Can sai ga su sun leƙo zaure.

"Hajiya, ni dai bakina ba zai iya ba. Ga shi nan riƙe da littafinku, ya faɗa da kansa."

Mai unguwa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo mini biro.

"Malam, rubuta da kyau. Kai ka fi kowa sanin sunan."

Na rubuta, a layin waɗanda ba su rataya ba. Sati bai zagayo ba aka ba wani aikina. Na yi kwana uku ina gaba da matata, baiwar Allah da ladabi kawai ta yi mini. Darasin dai na biya shi da tsada: wanda aka aika ƙirga gidajen mutane, ya fara ƙirgar daga ƙofarsa.