Zoɓon 'Yan Gurguzu

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Hajiya Rahmatu, tana cusa takalma a akwati. Ta gama hutunta a gidan ɗanta a Fort Washington ta Amurka, tana shirin komawa Kano.

Fatihu ya gyara durƙuso a gaban kakarsa. Tun da ya ajiye aikin banki don ya fara fitar da zoɓo da riɗi zuwa Sin da Biyetnam, mahaifinsa ya daina amsa gaisuwarsa. Ya kuma san mutum ɗaya ce a duniya ke iya tanƙwara Baba.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, me kika jido haka?"

"Tsarabar Amurka, ɗan nema. In je in rufe bakin 'yan unguwa."

Ya juya takalmi ya duba ƙasansa. "Na Sin ne. Fulas ɗin ma na Sin. Rigar nan kuwa Biyetnam. Kin tsallako teku kin sayi abin da ke zube a kasuwar Kwari."

"Ƙarya kake! A nan na saya, ya sha iskar Amurka."

"Ai ciwon ke nan, Hajiya. Jiragensu su zo mana maƙil, su koma wayam. Kullum mu ne masu saye. Ni so nake in cika jirgin nan in zai koma."

"Da me? Da kunnuwanka? Su kam sa cika kwantena."

"Da zoɓo."

Ta saki salati. "Boko har Amurka, a ƙare a tallan zoɓo! Na fasa auren, ba na zama da miji mai jan baki. Kuma wa za ka sayar wa? 'Yan gurguzu? An ce su komai na kowa ne. Ka kai kaya su ce na jama'a ne, ka dawo daga kai sai gajeren wando."

"Wannan labarin zamanin 'yanmatancinki ne, sa'ad da ake cefane da wuri. Yanzu sun fi ki iya taya kaya. In zoɓon ya ƙi karɓuwa ma ke zan tura, suna son kayan tarihi."

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro. Kai ne dai ko kyauta aka ba su sai sun nemi gyara."

Ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Hajiya, na sami mai saye a Hanoi ta Biyetnam. Amintaccen dillali ne ba ni da shi a kasuwar Dawanau. Ga Baba ko kallona ba ya yi."

Ta tsaya da cusa kayan, ta ƙura masa ido.

"Ubanka? Wanda ya sayar min da akuya yana yaro, ya saro agwagi wai zai yi arziki, suka bi ruwa? Shi ne yau yake fushi da ɗan kasuwa? Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Don Allah maimaita, in ɗauka a waya."

Ta watsa masa daƙuwa. "Ungo naka! Miƙo wayar dai. Ƙanena Maitama a zoɓo ya yi furfura a Dawanau, shi zai riƙe ka. Ubanka kuma bar ni da shi, da kansa zai neme ka."

Fatihu ya miƙa mata wayar. "To, me zan ba ki la'ada?"

Ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. "Ka ci ni, ja'iri! Hau kan akwatin nan ka zauna in ja zif. Yau dai ƙibarka ta yi rana."