Goron Mutanen Dutse

Na sha kunya a ƙasashe da dama, amma ba zan taɓa mantawa da ta ranar ɗaurin auren 'yar aminina Alhaji Sabo a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira ba. Ni na ɗauko ta da hannuna tun daga ƙasar Peru, a cikin jakar goyo.

Bayan na ajiye aikin tafinta, sai na ƙudura ganin Machu Picchu, kufan garin da mutanen Inka suka gina a kan tsauni. Dalar Giza ta gundure ni, kullum ina hango ta daga barandata a unguwar Faisal. Tafiyar talaka na yi: ɗakin haɗaka da samarin Turawa masu warin safa, gado bisa gado (ni a sama, da furfurata), sannan tafiyar ƙasa a gefen layin dogo, don jirgin ya fi ƙarfina. Garin kam ya biya ni wahalata. Misirawa sun tara dutse don kabari, waɗannan sun jera shi don zama, ba siminti ba laka, ko allura ba ta shiga tsakani.

Sai dai tudun ya kusa kayar da ni. Kai na sarawa, numfashi sama-sama. Wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara ta miƙo min busasshen ganye, ta nuna min in tauna in ajiye a kumatu. "Koka," in ji ta. Ciwon ya lafa. Na lura kowa na taunawa, da shi ake tarbar baƙo, har neman aure ana kai shi. Nan malanta ta motsa. Na ce ai baƙin lemon kwalbar nan rabin sunansa goro ne a Turance, ga ɗaya rabin a bakina. Ashe ƙanin goro ne! Habashawa da gahawarsu, Indiyawa da ganyensu, kowace ƙasa da abin gaisuwarta. Bahaushe kuma ba ya komowa ba tsaraba. Na cika leda. (Ba wanda ya buɗe jakata a filin jirgi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.)

Ni Alhaji Sabo ya naɗa waliyyin amarya, don tun muna samari muke tare. Goro kuwa a Alƙahira sai an roƙi matafiyi, wanda ya iso ɗan kaɗan ne, duk ya yamutse. Na ce kada a ji kunya gaban dangin ango da suka taso tun daga Zariya. Na barbaza ganyena a faranti tsakanin dabino da alawa.

Aka ɗaura a falon Alhaji Sabo, aka shafa fatiha, na miƙe ina bayani.

"Jama'a, wannan goron mutanen dutse ne. A tauna a ajiye a kumatu."

Liman ya tauna, ya gyaɗa kai. "Tamam. Sai dai harshena ya ɗan mutu."

"Haka yake yi, Malam, alamar mai kyau ne," na ce.

Baffan ango, Dakta Haruna, mai haɗa magunguna ne. Ya ɗaga ganye ɗaya yana juyawa.

"Ranka ya daɗe, me ka ce sunansa?"

"Koka."

"Alhaji, hodar ibilis fa daga wannan ake yin ta."

Liman ya furzar a hankici yana a'uzu billahi. Wani daga baya ya ce, "To an ɗauru, ko sai an sake?" Wani ya ce, "Yalla, maza a zuba a masai kafin mai gadin gidan ya ji!" Ni kuwa na tsaya ina kare kaina, wai ganye daban hoda daban. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Larabci, har Faransanci ya kuɓuce min. Ba wanda ya kalle ni.

Da mutane suka watse na je wurin Alhaji Sabo. Na so ya zage ni, ya kira ni tsohon banza kamar yadda ya saba. Sai ya ce, "Ma'alish." Abin da ake ce wa baƙon da ya taka maka ƙafa a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Labarin ya riga amarya isa Zariya: waliyyinta ya raba wa mutane kayan maye. Yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita ta zauna da wannan a gidan surukai. Da ta haihu, a bakin wani na ji.

Na koma gidansa sau da yawa, kowane zuwa da sabon bayani kan ganye da hoda. Sai bayan ya tattara ya koma gida Najeriya na gane ban taɓa cewa "ka yafe min" ba. Shekaru ina fassara wa manya maganar wasu, wannan 'yar jimlar ce ta gagare ni.

Yanzu in na ga baƙon abu a wata ƙasa, tambaya nake yi har a gaji da ni. Tsaraba kuwa, ko daga ina na dawo, dabino.