Gidan da Ba a Raba Tukunya

Akwai wata tsohuwa a Malumfashi, ba za a faɗi sunanta ba don tana nan da ranta, kuma kunnenta garau. Hajiya dai ake ce mata. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ko ɗanta mai digiri sai ya cire takalmi tun daga zaure. Babban abin da take tinƙaho da shi, gidanta ba a taɓa raba tukunya ba: 'ya'ya, surukai da jikoki, tuwo ɗaya, miya ɗaya.

To, ashe jikokinta biyu, Mudassir da Zulai, sun gaji da faɗa a kan kwamfutar da ubansu ya saya musu, sai suka raba cikinta gida biyu, kowa da ɓangaren da yake ajiye kayansa. A ɓangaren Zulai ne aka adana hotunan da Hajiya ta ɗauka a Makka, tun da wayarta ta faɗa rijiya. Ita Hajiya ba ta san da wannan ba. Abin da ya iso kunnenta kawai, an yi rabo a gidanta.

Ta sa aka kawo kwamfutar tsakar gida, aka ɗora a kan turmi.

Ta ce wa Mudassir, "Kai, mijin banza, me na ji kun gina a cikin abin nan?"

Ya ce, "Kamar katanga ce, uwargida. Nawa a nan, nata a can, kowa ya huta."

"Ina raye? Yau katanga a kwamfuta, gobe a tsakar gida. Rushe ta."

"Hajiya, in aka cire ɓangaren Zulai, duk abin da ke ciki zai goge. A bari a kwashe tukuna."

Hajiya ta raini yara sun fi a ƙirga, ta san ma'anar "tukuna" a bakinsu. Ta ce ba ta tashi daga wurin sai an gama. Zulai ta buɗe baki ta ce, "Ai har da..." Hajiya ta ɗaga mata yatsa, maganar ta koma ciki. Kwamfutar ma sai da ta tambaya ko an tabbata. Da Mudassir ya fassara wa Hajiya, ta ce, "Ita ma rashin kunya za ta yi min? Danna."

Ya danna.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, tunda an zama ɗaya, a nuna mata hotonta na gaban Ka'aba ta sanya albarka. Yaran suka dubi juna. Zulai ce ta yi ƙarfin halin gaya mata inda hotunan suke, da inda suka tafi.

Hajiya ba ta yarda jikoki su ga nadamarta ba. Ta ƙara ɗaure fuska ta ce, "Su tafi mana. Duk mai shakkar na je Makka ya zo in yi masa dariya, ya ga haƙorin zinariya da idonsa."

Zulai ta ɗauki kwamfutar, sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, "Dariya, Hajiya? Ai gara mu koma rijiya mu nemo wayar."