Sarkin Linzami da Kwamfutar da Ba Ta Hutawa

Duk faɗin Safana, kai har ka zarce Batsari, ba a taɓa yin masani irin Injiniya Sada ba. Sati uku cur ya yi a Katsina yana koyon kwamfuta, ya dawo da tabarau da sabuwar tafiya. Mutanen gari suka naɗa shi Sarkin Linzami, wato linzamin kwamfuta, bawan Allah ya ɗauka da gaske ne.

A shekarar da mudun masara ya gagari talaka, ƙungiyar manoma ta ɗauke shi ya shigar da sunayen waɗanda ɓarayin daji suka koro daga Runka, don a ba su iri. Duk sunan da bai isa Katsina kafin azahar ta Alhamis ba, mai shi ya rasa, ga damina ta kawo kai.

Abin tinƙahon Injiniya shi ne kwana arba'in bai kashe kwamfutarsa ba. Manhajar rajistar kuwa baƙuwa ce mai aron tabarma: kowane suna sai ta ari wuri a ƙwaƙwalwar injin, ta gama ba ta mayarwa. Da ƙwaƙwalwa ta cika, injin ya koma kwasar kaya yana kaiwa rumbun ajiya yana dawowa da su, har jigila ta zama aikinsa kaɗai.

Zuwairatu sakatariya ta ce, "Injiniya, adana abin da ka shigar, ka kashe ta ta huta mana."

"Ta huta? Jaka ce? Adanawa kowane lokaci ai na matsorata ne. In ɗaki ya cika, rumbu ake ƙarawa. Sau huɗu na ƙara mata da hannuna!"

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar Alhamis da hantsi allo ya ƙame, manhaja ta ɓace ɓat da suna ɗari uku. Mutanen Runka da ke kan layi suka ɗau salati, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Shugaban ƙungiya, Alhaji Hamidu, ya tambayi abin da ya faru.

Gogan naka ya gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, ƙa'ida ce mai zurfi. In wuri ya ƙare, injin kan duba wanda ya fi kowa cinye wuri, ya yi waje da shi don saura su rayu."

Alhaji ya jinjina kai. "Ashe injin ya fi mu hankali. Zuwairatu, ɗauko biro da takarda, a sake layi, mu tura hoton sunayen ta waya. Injiniya, tashi, kujerar nan muke so."