Farar Ƙasa a Idon Na'ura

Ranar Talata da safe aka shafa wa babur ɗina farar ƙasa, ina zaune a kansa.

Ga yadda aka yi. Na shiga layin mai tun bayan sallar asuba, har rana ta ɗaga layin bai gusa ko taku ɗaya ba. Sai ga wata tawaga da bokitai da tsintsiya, suna bin gefen titi suna shafe duk abin da suka samu a tsaye: duwatsu, gindin dogon yaro, turakun wuta, har da wani tsohon gangan kwalta da aka manta da shi tun ina saurayi. Da suka iso kaina, mai tsintsiyar ya dubi babur, ya dube ni, ya tsoma ya lafta wa tayar gaba. Na ce, "Bawan Allah, akwai mai rai bisa fa." Ya ce, "Yi haƙuri Malam, umurni anka ba mu. Duk abin da ba ya motsi a shafe shi." Bai kuwa yi ƙarya ba, awa huɗu ban motsa ba.

Mu a Zuru ba ma bukatar sanarwar rediyo. Idan ka ga duwatsu sun yi fari, to babban mutum na tafe. Wannan karon Mai Girma Sarkin Almakashi ne, wanda Allah ya hore wa baiwar yanka zare a gaban duk aikin da wani ya gama. Wanda ke share masa hanya kuma shi ne Ranka Ya Daɗe Sarkin Fenti, shugaban kwamitin tarba na din-din-din. Abin da ya kawo su kuwa, na'urar 'yar maƙwabcina ce.

Maƙwabcin nawa Baba Solomon ne, tsohon soja, katangarmu ɗaya shekara ashirin da biyu. 'Yarsa Rachael a gabana ta girma, ita ce ta taɓa kwance min tocila tana 'yar firamare ta kasa mayarwa. To yanzu Dakta ce, kuma karatun nata duk a kan haske ta yi shi. Na taɓa tambayarta, "Ke Rachael, haske ma har sai an je jami'a? Ba ga shi nan kullum kyauta ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Kawu Arzika, ka san 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin wayarka? Lantarki ne ke gudu a cikinta, shi ya sa take zafi, take shan caji. Yanzu manyan masana'antu na duniya suna tsere wajen ƙera wadda haske zai riƙa bi ta ciki a madadin lantarki. Ya fi sauri, ba ya zafi sosai, kuma yana iya gane abin da ido ba ya gani."

Na ce mata to Allah ya sa su ƙera wadda za ta gane inda man fetur ke shiga.

Na'urar da ita da abokan bincikenta suka haɗa ba ta wuce girman rediyo ba. A samanta akwai ɗan gilashi kamar faɗin murfin kwalba, a ƙarƙashinsa kuma 'yar ƙwaƙwalwar nan mai aiki da haske, ba ta kai farce ba. Sai a zuba gyaɗa a kan gilashin, haske ya bugi gyaɗar ya dawo, na'ura ta karanta. Idan akwai gubar fumfuna, wadda ke cin hanta a hankali ba a sani ba, sai ta kunna ja. Idan gyaɗa lafiya lau, kore. Da faifan sola take aiki, domin Rachael 'yar gari ce, ta san halin wutarmu.

Ga inda zancen ya daina zama wasa. Ƙungiyar mata manoma ta Dabai, nan kusa da Zuru, ƙarƙashin Inna Asama'u, sun tara gyaɗar bana a rumfarsu, buhu kan buhu. Bara wani mai saye ya zo ya juya da motarsa wayam, ya ce kamfanin da yake kai wa ba ya karɓar gyaɗar da ba a gwada ba, wurin gwaji kuwa sai an yi doguwar tafiya. Gyaɗar ta ƙare a hannun 'yan sari a wulaƙance. Bana wani Alhaji Zakiyyu ya yarda zai zo ranar Laraba, ya ga gwajin da idonsa, idan ta yi kore ya loda. Amma ya ce ƙarfe biyu zai tashi, yana da lodi a garin Bena. Idan ya tafi, guminsu na damina ɗaya ya sake bin na bara.

Ban san wanda ya kai wa manya labari ba. Kawai dai muka ji an ce aikin yana cikin nasarorin Mai Girma, kuma ba za a taɓa maɓalli ba sai ya zo ya ƙaddamar. Aka karɓi mabuɗin rumfar, inda aka ajiye na'urar, ranar Talata don a gyara wuri. Aka ce wa Rachael ta je ta huta, Dakta ba ta shara.

Ranar Laraba na isa Dabai da farar tayata. Jama'a, wuri ya yi kyau, wannan ba zan hana su ba. Bango fari, duwatsu farare, gindin ɗorawa fari har ƙugu. Wata akuya ce kaɗai ta tsira, ita ma don tana motsi. An lulluɓe na'ura da ƙyalle, an ɗaura zare, an kafa mai gadi. Rachael ta nemi ta leƙa ta gwada kafin baƙi su zo, mai gadi ya ce ba a buɗe wa kowa sai Mai Girma.

An ce Mai Girma zai iso ƙarfe goma. Jiniya ta iso ɗaya da kwata.

Mai Girma ya yi jawabi mai daɗi. Ya ce nan ba da jimawa ba za a gina masana'antar ƙera ƙwaƙwalwar haske a yankinmu, har ƙasashen waje su zo koyo. Muka tafa. Ni na fi kowa tafi, saboda na halarci aza tubalin masana'antar tumatir sau uku a fili ɗaya, kuma tubalin yana nan lafiya, duk zuwan baƙo ana shafa masa farar ƙasa. Alhaji Zakiyyu dai agogo yake dubawa.

Aka miƙa almakashi, zare ya faɗi, aka yaye ƙyalle. Inna Asama'u ta zuba gyaɗa da hannunta tana bismillah. Mai Girma ya danna maɓalli ya juya wa masu hoto fuska.

Ba ja, ba kore. Ya sake dannawa. Shiru.

Sarkin Fenti ya matso kusa da lasifika, yana zaton a kashe take, ya ce, "Ai dama na faɗa, kayan gida ne. Da na waje anka sayo da ba a ji kunya ba." Kowa ya ji. Mai Girma ya tuna yana da wani taro, jiniya ta tashi, masu hoto suka bi. Direban Alhaji Zakiyyu ya tada mota.

Na dubi Baba Solomon. Mutumin da ya je yaƙi ya dawo yana ba da labari yana dariya, na ga ya cire hularsa yana murɗawa a hannu, ya kasa ɗaga kai. Wallahi raina ya ɓaci, na ji kamar 'yata aka zaga. Rachael kuwa ta durƙusa ta kwashe gyaɗar daga kan na'ura, sai kawai ta tsaya cak. Gilashin fari ne fat. Ta ɗaga kai ta dubi rufin rumfa, faifan sola shi ma fari. Daga baya muka ji hujjar kwamiti: baƙin abu ba ya kyau a hoto.

Ta ce, "Sun rufe mata ido. Idan fenti mai mai ne, gilashin ya tashi aiki. Yana da wani siririn shafi a kansa, in an kankare ya lalace, kuma ba ni da wani a nan."

Sarkin Fenti, da bai samu gurbi a motocin ba, ya daki ƙirji ya ce, "Fenti mai mai ne mana, lamba ɗaya. Haka yake a takarda. Mu ba mu aikin banza."

Inna Asama'u ta matso kusa da na'urar. Ta lasa yatsa, ta goga a gefen akwatin, ta duba, ta sunsuna. Ta ce, "Ɗiyata, share hawayenki. Wanga ba fenti ba ne. Farar ƙasa ce da ruwa, ita ma an tsinka ta. Ko ɗakin amarya ba a shafa wa irin wagga." Ta juya ga matan ta ce, "Ku kawo ruwa. Ke, tare Alhaji, ce mai ko minti goma."

Mata uku suka tsaya a gaban mota. Rachael ta riƙa ɗiga ruwa a hankali tana shafawa da gefen mayafin Inna. Baba Solomon, mai shekara saba'in da ciwon gwiwa, ya hau tsani da bokiti, ni na riƙe masa. Ruwa kofi biyu ya wanke gilashi, bokiti ɗaya ya wanke sola. Aka zuba gyaɗa, Inna Asama'u ta danna da kanta.

Kore.

Ban taɓa sanin ɗan haske kamar ƙwayar gero zai sa dattijuwa guɗa ba. Aka bi buhunan ɗaya bayan ɗaya. Uku suka kunna ja aka ware su gefe, ba wanda ya yi gardama, sauran duk suka wuce. Alhaji Zakiyyu ya sa aka kashe mota, ya kira Bena ya ce su jira shi sai gobe, sannan ya tambayi Rachael yaushe za a fara ƙera na'urar da yawa, yana son biyu. Baba Solomon ya mayar da hularsa, ya ce min, "Arzika, tocilar nan taka da ta lalata, ka yafe ko?" Na ce na yafe har da batir.

Saboda haka yau ba ƙorafi na zo yi ba, godiya na kawo. Ranka Ya Daɗe Sarkin Fenti, shekaru muna zarginka da cewa abin da ke takarda daban, abin da ke bokiti daban. Ashe tanadi kake mana. Da ka yi gaskiya rana ɗaya tak ka sayo fentin da ka rubuta, da ka makantar da binciken shekara shida, da gyaɗar matan Dabai tana nan jibge.

Roƙona ɗaya ne gare ku manya. Duk ranar da kuka yi niyyar gyara hali, don Allah ku sanar da mu mako guda kafin nan, mu samu mu rufe gilashin.